Amsa ga mai tambaya kan kuskuren 40001 bayan kunna SERIALIZABLE

Sannu ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka gabana na faɗuwa, domin irin wannan matsalar ta taɓa hana ni barci. Ka ce mutum biyu na sayen kaya na ƙarshe a lokaci guda, har adadin da ke rumbun bayananku na PostgreSQL ya sauka ƙasa da sifili. Aka ba ka shawarar mayar da komai SERIALIZABLE, wato mataki mafi tsauri na raba hada-hada (transaction, jerin umarnin da ake yi a dunƙule) da juna, yanzu kuma saƙon "could not serialize access" ya addabe ka, masu saye na ta ƙorafi.

Ka kwantar da hankalinka, wannan saƙon, wato kuskure mai lamba 40001, ba lalacewa ba ce. PostgreSQL ce ta ga hada-hada biyu sun yi karo, ta soke ɗaya don kada lissafi ya ɓaci. Tun sigar 9.1 ta shekarar 2011 haka matakin SERIALIZABLE yake aiki: sa ido yake yi, in ya ga rikici ya soke. Don haka dole manhajarka ta sake aikin tun daga BEGIN, umarnin da ke buɗe hada-hadar, har da karatun farko, ba umarnin ƙarshe kaɗai ba. Wanda ya ba ka shawarar nan bai faɗa maka wannan ba, rabin magani ya ba ka.

Mu a tsohon wurin aikina, wani babba ne ya canza default_transaction_isolation, saitin matakin da kowace hada-hada ke farawa da shi, zuwa serializable da daddare. Bai gaya wa kowa ba, bai rubuta ko layi ɗaya na sake gwadawa ba. Gari na wayewa biyan kuɗi ya dinga faɗuwa. Oga ya tara mu, ni aka tsayar a gaba don ni na rubuta sashen biya. Aka ce aikina ne ya ruɓe, a gaban yaran da nake koya wa aiki. Shi kuwa wanda ya yi ɓarnar yana zaune yana danna waya, ko kai bai ɗaga ba. Na kwana a ofis ina bin kod ɗina layi-layi, idona ya yi jawur, ina neman laifin da babu shi. Sai wajen asuba na buga SHOW transaction_isolation, amsa ta fito a allo, serializable. Hannuna har rawa yake. Da na nuna masa sai ya ce wai tsaro ya ƙara mana. Har na bar wurin babu wanda ya ce min yi haƙuri, kuma abin yana ci min rai har gobe.

Matsalarka ta kaya ma ba ta buƙatar SERIALIZABLE. Koma READ COMMITTED, wanda shi ne na asali a PostgreSQL, ka daina karanta adadi ka rage a manhaja sannan ka mayar. Rubuta UPDATE kaya SET adadi = adadi - 1 WHERE id = $1 AND adadi > 0. Na biyun zai jira na farko ya gama, sannan a sake duba sharaɗin, sai ya tarar babu layin da ya canza, ka ce masa kaya sun ƙare. Ƙara CHECK (adadi >= 0) a teburin. In lallai sai ka karanta kafin ka yanke hukunci, ga SELECT ... FOR UPDATE, mai kulle layin har ka gama.

Rahotanni kuma, ba ka tambaya ba amma za su cije ka. A READ COMMITTED kowane umarni sabon hoton bayanai yake gani, shi ya sa jimilla ba ta haɗuwa. Buɗe su da BEGIN ISOLATION LEVEL REPEATABLE READ READ ONLY, hoto ɗaya za ka gani har ƙarshe. In kana son tabbaci mafi ƙarfi, SERIALIZABLE READ ONLY DEFERRABLE zai ɗan jira a farko, bayan nan ba za a soke shi da 40001 ba. Sai dai kada ka bar shi a buɗe tsawon sa'o'i, yana hana VACUUM, mai sharar PostgreSQL, share tsofaffin layuka. Kuma READ ONLY ba izini ba ne, ainihin hani da GRANT da REVOKE ake yin sa.

Don Allah kada ka bari kowa ya taɓa saitin saba shi kaɗai ba tare da an rubuta ba. Kowace hada-hada ta zaɓi matakinta. SET TRANSACTION sai bayan BEGIN kuma kafin tambayar farko, in babu BEGIN gargaɗi kawai za ka samu, ba abin da zai canza. Kada kuma ka kwafo misalan MySQL ido rufe, can InnoDB, injin ajiyar bayanansu, da REPEATABLE READ take farawa.

Kana amfani da PgBouncer, manhajar da ke raba haɗin PostgreSQL tsakanin masu amfani? In eh, a wane yanayi? A yanayin transaction saitin SET SESSION na iya maƙalewa a haɗin ya faɗa kan wani. Turo mana abin da SHOW transaction_isolation ya ba ka daga cikin manhajar kanta, da kod ɗin da ke rage kayan, mu duba tare.