Yawon Grand Canyon a jirgi mai saukar ungulu: ina arahar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Amurka, iyayena za su zo ziyara, kuma Baba ya daɗe yana burin ganin Grand Canyon daga sama. Mu huɗu ne. Duk farashin da na gani daga Las Vegas ya haura dala 500 a kan kowane mutum. Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi? Daga wata 'yar'uwa a Texas.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo su lafiya, ya yi miki albarka da kika tuna da burin mahaifinki.

Akwai hanya, kuma tana farawa ne da sanin daga ina jirgin zai tashi. Grand Canyon, kwazazzabon nan na jihar Arizona, wanda Kogin Colorado ya haƙa, tsawonsa ya kai kilomita 446, zurfinsa ya haura mita 1,800 a wasu wurare. Wurin da ya kai wannan girma ba ƙofa ɗaya gare shi ba, kuma kowace ƙofa da nata kuɗin.

Abin da ya tsadanta jiragen Las Vegas shi ne nisa. Jirgin zai ratsa ta kan madatsar ruwa ta Hoover da tafkin Mead da hamada kafin ya iso gefen yamma na kwazazzabon, sannan ya komo. Kowane minti na wannan tafiya ke za ki biya, alhali mafi yawansa ba a kan abin da Baba ya zo gani aka yi shi ba. Ku huɗu ne, don haka hayar mota ta fi muku riba nesa ba kusa ba.

Shawarata ita ce ku nufi gefen kudu, wato South Rim. A ƙauyen Tusayan, dab da ƙofar gandun da gwamnati ta keɓe na Grand Canyon, akwai filin jirgi inda kamfanoni irin su Papillon da Maverick ke tashi. Daga Las Vegas tafiyar awa huɗu da rabi ce a mota, ko kusa da haka. Gajeren zagaye na minti 25 zuwa 30 shi ne mafi araha, yawanci kusan rabin kuɗin da kika gani. Jirgin na tashi ya bi ta kan dajin Kaibab na 'yan mintoci, sai kawai ƙasa ta ɓace a ƙarƙashinku, ku shiga ɓangaren da kwazazzabon ya fi faɗi da zurfi. Akwai na minti 45 zuwa 50, yana da kyau, amma ga dattijon da bai taɓa hawa irin wannan jirgi ba, rabin awa ya wadatar.

Sai dai ki sani, a gefen kudu ba a sauka cikin kwazazzabon. Bayan karon da wani ƙaramin jirgi ya yi da mai saukar ungulu a 1986, wanda ya kashe mutum 25, majalisar Amurka ta yi doka a 1987 wadda ta kai ga ware hanyoyin da jiragen yawo za su bi da wuraren da aka hana su shawagi. Sauka ƙasa kusa da kogin sai a gefen yamma, ƙasar ƙabilar Hualapai, inda aka buɗe gadar gilashin nan ta Skywalk a 2007. Idan taka ƙasan kwazazzabon ne burin Baba, ku je can a mota, awa biyu da ɗoriya daga Las Vegas, ku hau gajeren jirgin da ke saukar da mutane. Ki haɗa da kuɗin shiga ƙasar Hualapai a lissafinki. Wasu tafiye-tafiyen sauka kuma sukan haɗa da giyar shamfen. Ki gaya musu tun da wuri a ba ku lemo.

Kafin ki biya, ki nemi jimillar kuɗi, domin farashin talla sau da yawa bai haɗa da ƙarin kuɗin mai ba. Kujerar gaba ma akan saye ta daban, kuma ko an biya, nauyin fasinjoji ne ke yanke inda kowa zai zauna. Ana auna kowa a sikeli, kuma wasu kamfanonin kan caji kujera ta biyu ga wanda ya kai kimanin kilo 136. Ki kwatanta farashin shafin kamfanin da na dillalai, ki karanta sharaɗin mayar da kuɗi idan iska ta hana tashi. Ki kama jirgin safe: iska ta fi kwanciya, daga Yuli zuwa Satumba kuma hadari ya fi tasowa da rana. Kowa ya riƙe fasfonsa.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, kuɗina bai kai na mai saukar ungulu ba. In haƙura? Daga wani ɗan'uwa a Phoenix.

Amsa: Kada ka haƙura, ɗan'uwa. Daga filin jirgin Tusayan ɗin nan akwai ƙananan jirage masu fukafukai na Grand Canyon Airlines, kujerarsu ta fi araha domin suna ɗaukar mutane da yawa. Sukan tashi sama fiye da masu saukar ungulu, amma tagoginsu manya ne kuma zagayen yakan kai kusan minti 45. Daga Phoenix awa uku da rabi zuwa huɗu ne a mota. Ka nemi abokai ku raba kuɗin mai da na shiga gandun, ku kwana a garin Williams ko Flagstaff inda masauki ya fi sauƙi, da asuba ku je Mather Point, wani wurin kallo a bakin kwazazzabon, ku ga fitowar rana kafin lokacin tashin jirgin.