Karfasa tana cinye tana amma ƙugiya ba ta kamawa

Ɗan'uwa, ka ce ɗan karan da ka ɗaure a zare yana nutsewa, amma da ka fizga sai ka ɗago ƙugiya babu kifi babu tana. Mafi yawan lokaci laifin ƙugiyar ne. Bakin karfasa ƙarami ne, tsotsar abinci take yi, ba ta haɗiye shi gaba ɗaya kamar tarwaɗa. Nemi ƙugiya lamba 8 zuwa 12, siririya. Ka lura, yadda lambar ke ƙaruwa haka ƙugiyar ke ƙanƙancewa. Goga tsininta a kan farcenka, in ta zame ba ta kafe ba, ta dakushe, canza ta.

Tanar kuma kada ka sa ta duka tana reto. Yanki guntu kamar tsawon gaɓar yatsa ya isa, ka bar tsinin a waje kaɗan.

Amma inda na fi so ka kula shi ne ɗan karan nan. In ya yi girma, kifin na jin nauyinsa da ya ja, sai ya tofar. Ƙara 'yar dalma a zaren har sai kan karan kawai ke leƙowa sama da ruwa. Wani lokacin ma ba nutsewa zai yi ba, kwantawa zai yi, saboda kifin ya ɗaga dalmar daga ƙasa. Wannan ma ci ne, ka ɗaga nan take.

Kada ka bar zare ya yi sako-sako a kan ruwa, kuma da wuyan hannu ake ɗagawa, fizgar ƙarfi tana yaga leɓen kifin.