Amsa: Ka faɗa musu ranar rufewa tun yanzu

Malam, ka ce kamfaninku na Jidda zai rufe manhajar kai saƙo, kana tambaya ko ku yi shiru sai ranar ƙarshe. A'a, ku sanar yau, da ranar rufewa ƙarara, da yadda kowa zai karɓi ragowar kuɗinsa. Ko Microsoft da zai rufe Skype ranar 5 ga Mayu 2025, tun ƙarshen Fabrairu ya faɗa.

Sharaɗi ɗaya: kar ku ce “muna gyara” alhali kun san tafiya ce. Wata manhaja ta yi mini haka ina Makka, riyal 150 na ciki. Saƙon gyaran na nan a wayata, lambarsu kuwa ba ta shiga.