Amsa: Rabon kuɗi da ayyuka tsakanin sabon gari da gundumarsa a Amurka

Malam, ka tambayi wanda ke ɗaukar nauyin tsaro, hanyoyi da makarantu idan wani yanki a Amurka ya zama gari mai majalisarsa, alhali yana nan cikin gundumarsa. Misali mafi dacewa shi ne Sandy Springs a jihar Jojiya, wanda ya samu matsayin gari a Disamba 2005, bayan kashi 94 cikin ɗari na masu ƙuri'a sun amince.

Ba a rana ɗaya garin ya karɓi ragama daga gundumar Fulton ba. Da farko ya ci gaba da biyan gundumar kuɗin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana bisa yarjejeniya, har ya kafa nasa a 2006, kuma tun daga farko ya ba kamfanin CH2M Hill mai zaman kansa kwangilar yawancin sauran ayyuka. Makarantu kuwa suna hannun hukumar ilimin gundumar har yau, domin tsarin mulkin jihar ya hana sababbin garuruwa kafa tasu.

A ganina, batun kuɗi ne ya fi jawo saɓani. Wata dokar jihar ta 1997 ta wajabta wa gunduma da garuruwanta su rubuta aikin da kowa zai ɗauka, don kada mazauna gari su biya haraji sau biyu a kan aiki guda, kuma idan suka gaza, tallafin jiha yakan tsaya. Haka nan harajin sayayya na kashi 1 cikin ɗari, ana sake zama a kan rabonsa bayan kowace ƙidayar jama'a, kuma muddin ba a daidaita kafin wa'adi ba, harajin kansa zai faɗi, kowa ya yi asara.