Baba ya dawo daga asibiti, a bar shi ya kwanta ko ya riƙa tafiya?

TAMBAYA: Salamu alaikum Likita. Babanmu ne anka yi mashi tiyata a ciki, kwana 9 ya yi a asibiti sannan anka sallamo shi, likitan ya ce ya riƙa ɗan takawa amma Inna ta hana, wai ɗinki zai buɗe, ko buta ba ta bari ya ɗauka. Yau sati biyu yana kan katifa, ƙafafunshi sun fara rawa in ya miƙe. Ya za mu yi? Daga wata mai karatu, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Inna tausayi ne ya sa ta, amma gaskiya kwanciyar nan ita ce abin tsoro yanzu. Tsoho in ya daɗe a kwance naman ƙafarsa na zubewa da sauri, ga cushewar ciki, ga majina da ke taruwa a ƙirji har ta kai ga ciwon huhu, kuma jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa, wannan kam yana kisa in gudan jinin ya tafi huhu.

Tafiya a hankali ba ta buɗe ɗinki, ɗaukar kaya mai nauyi ne ake hanawa, kamar bokitin ruwa ko buhu, wajen sati 6 ko yadda likitansa ya ce. Ku fara da kaɗan, ya zauna bakin gado tukuna jiri ya wuce, sai ki riƙe masa hannu daga ɗaki zuwa zaure ya dawo, minti 5 ma ya isa, sau uku a rana, kullum a ɗan ƙara har ya iya kai kansa masallacin unguwa. Kin san ranar Sakkwato, don Allah banda tsakar rana, sai dai bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, kuma ya sha ruwa sosai. Salla in ruku'u na ja masa ciki ya yi a zaune.

Tunda ƙafa ta fara rawa, ranar komawa asibiti ki roƙa a tura shi wajen masu fisiyo, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi don ƙarfin jiki ya dawo, akwai su a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma ki tafi da Inna ta ji da kunnenta. In kuwa kika ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe, ko wurin ɗinki na fidda jini ko mugunya, kar ku jira ranar, ku kai shi a take.