Bakin mai nawa injin markaɗena yake sha?

Wani mai injin markaɗe daga Funtuwa ya aiko da tambaya. Ya ce injinsa irin GX160 ne, yana aiki kamar awa 6 kullum. Tun da kaya suka yi tsada ya daina juye, wato zubar da tsohon bakin mai a zuba sabo, sai dai ya riƙa ciko da bakin man da ake aunawa a bakin titi. Yanzu injin ya fara hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu. Yana so ya san mai nawa ya kamata ya zuba, kuma ko ya fara tarin kuɗin sabon inji.

Ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Injin Honda GX160 da GX200, da na Sin da aka ƙera a kan fasalinsu, ba sa cin fiye da lita 0.6 na bakin mai, wato rabin lita da ɗan ɗoriya. Babban yayansu GX390 shi ne mai cin lita 1.1. Na sha ganin wanda zai sayi lita guda ya juye ta duka, wai don inji ya ƙoshi. Ɓarna ce. Man da ya wuce ƙima yakan yi kumfa, ya haura ya jiƙa soson iska, ya ɓata fulogi, sai ka ga hayaƙi. Kafin ka zargi ringi, wato zoben fistin, fara duba wannan. Ka ajiye injin a daidai ba a karkace ba, ka cire marfin man, ka goge sandar awon da ke jikinsa, ka mayar ba tare da ka murɗa ba, ka ciro ka gani. Idan mai ya kawo bakin ramin, ya isa.

Sai maganar ciko, wadda ita ce ainihin ciwon. Ciko ba juye ba ne. Waɗannan ƙananan injinan ba su da matatar mai irin ta mota, saboda haka duk wani garin ƙarfe da dattin da ya shiga yana nan yana yawo a ciki, yana cin fistin da ringi kamar yashi. Ka zuba sabo a kan tsoho, ka yi wanka ne ka mayar da riga mai dauɗa. Ƙa'idar kamfanin ita ce juyen farko bayan awa 20 idan inji sabo ne, daga nan kuma duk awa 100. Kai mai awa 6 a rana, awa 100 tana cika maka cikin kwana 17. A lokacin hunturu, ga ƙura ga garin hatsi, ni da zan ce kada ka wuce mako biyu. Ka yi juyen inji yana da ɗumi, man ya fi fita tas.

Bari mu buga lissafi, tunda tsada ce ta hana ka. A ce galan mai lita 4 naira 24,000 ne, kai ka sa farashin garinku. Galan ɗaya zai yi maka juye shida, har da ragowar ciko. Kowane juye ya tashi 3,600, wato naira 36 a kowace awa, kimanin 216 a rana. Kwano nawa za ka markaɗa ka samu wannan? Ka samu asusu daban, kullum kafin ka taɓa ciniki ka jefa kuɗin mai a ciki, kamar yadda kake cire na fetur. Yawancin masu inji fetur kaɗai suke lissafawa, shi ya sa ranar da inji ya buga sai a ci uwar kuɗi ko a nemi bashi.

Man bakin titi kuwa, ban ce duka gurɓatacce ne ba, amma ba ka san abin da ke cikin jarkar ba, kuma akwai masu tace tsohon mai su sayar. Sayi mai hatimi. Littafin injin ya fi ambaton mai lambar kauri 10W-30, a zafinmu kuma kanikawa da yawa suna zuba 20W-50. Kowanne ka zaɓa, ka tsaya a kansa.

Soson iska a wanke shi duk awa 50, a wurin niƙa ma duk mako. Fulogi a duba shi lokacin juye. Idan ka tashi aiki ka rufe famfon fetur, don yakan tsiyaya ta kafireta ya gangara ya tsinka man. Tsohon man kuma a nisanta shi da wurin abincin mutane.

Game da sabon inji, kada ka yi gaggawa. Yi juye, daidaita man, wanke soso, sauya fulogi, ka ba shi kwana uku. Idan hayaƙin mai shuɗi-shuɗi bai tsaya ba kuma man yana raguwa, to ringi ne, kai wa bakanike ya sauya. Kuɗin wannan bai kama ƙafar na sabon inji ba.