Kafin ka ƙaro amalanke, buɗe littafi ka kwance ƙafar wanda kake da shi

Wani ɗan kasuwar hatsi daga Saminaka ya aiko da tambaya. Yana da tsohon amalanken shanu da aka ɗora a kan aksul ɗin tsohuwar a-kori-kura, wato ƙarfen da ƙafafu ke juyawa a kansa, ɗan wansa ne ke kwaso masara da shi daga gona. Sau uku ke nan ana kai ƙafar dama wurin mai walda, har yanzu tana rangaji. Yana tambaya ko ya sake walda ko ya sayi wani aksul, kuma yana son cin bashi ya ƙaro amalanke biyu, don a cewarsa harkar akwai kuɗi.

Alhaji, ta ina ka san akwai kuɗi? A duk wasiƙarka ba ka faɗi sawu nawa yaron ke yi a rana ba, ko buhu nawa yake lodawa, ko yaushe rabon ƙafar nan da giris. Ba ka faɗa ba ne don ba ka rubutawa. Abin da ya miƙo maka da yamma shi kake kira riba, alhali a ciki akwai kuɗin boris da taya da aksul da ke cinyewa kullum. Ban ce yaron yana ha'inci ba. Amma wanda ake biya a kan buhu, lodi zai yi ta yi har ƙarfe ya lanƙwashe, kai kuma kunyar yayanka ba za ta bar ka ka tambaye shi ba. Buhun masara kilo 100 ne. Aksul ɗin ƙaramar mota ba a yi shi don buhu 20 ba.

Kada a sake ɗora walda sai an kwance an duba. A ɗaga ƙafar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi kwas-kwas, ko tana gurnani in an juya ta, ko hob ɗin, wato cibiyar ƙafar da boris ke zaune a ciki, ya yi zafin da hannu ba zai zauna a kai ba bayan tafiya, boris ya tafi. A cire murfi, a zare fin, a kwance noti da wosha, a jawo hob ɗin, a wanke komai da kananzir har ƙarfe ya fito fes.

A nan ne kuɗinka ke zurarewa. Duba bakin aksul, daidai inda boris ke zama. In tsohon boris ya daɗe yana juyawa a kansa, za ka ga ya ci wurin ya yi rami, sabon boris kuma zai shige sakwa-sakwa maimakon ya kama. Mai walda na bakin hanya zai ɗiga masa ƙarfe, ya goge da injin gurza, ya ce an gama. Wurin ba zai taɓa yin da'ira daidai ba, boris zai zauna a karkace, ya mutu cikin 'yan makonni. Sau ukun da ka biya ke nan. Gyaran gaskiya shi ne a cike wurin, a kai wa masu injin feƙe ƙarfe su mayar da shi daidai awon boris ɗin: mai lamba 30206 milimita 30 ne cikinsa, 30207 kuma 35, 30208 kuwa 40. In ka ga tsaga ko lanƙwasa, ko ƙarfen ya yi shuɗi saboda wuta, ka daina kashe masa ko sisi. Je Panteka a Kaduna da tsohon boris a aljihu da makanikenka a gefe, ku zaɓi aksul da hob ɗinsa tare, ku gwada kafin ka biya.

Shi ma hob ɗin a duba cikinsa. In kofin boris, wato zoben ƙarfen da boris ke gudu a cikinsa, yana juyawa da hannu, ramin ya buɗe, dabarar huhhuda gefensa da ƙusa kuwa ta 'yan kwanaki ce. Boris da kofinsa tare ake canzawa, da sabon sil, wato robar da ke tare giris. A cusa giris da tafin hannu har ya fito ta ɗaya gefen. A ɗaure noti ana juya taya, in ya kama a sassauta kamar rubu'in juyi, a sa sabon fin. Ƙusar kafinta ba fin ba ce.

Duk kaka ana ganin irinsa a hanyoyin ƙauyukan Lere da Soba: amalanke ya durƙusa, taya ta yi nata wuri, buhuna a ƙasa, ga hadari. Mai shi ya ɗauko mota da tsada, ya rasa kwanakin da aiki ya fi yawa, duk a kan giris ɗin da bai kai kuɗin sawu ɗaya ba. Ruwan rafi da ake tsallakawa da damina yana wanke giris ya shigar da yashi, shi ya sa ake buɗe ƙafafu a watan Satumba, kafin masara ta shigo.

Batun bashi ka ajiye shi. Amalanke uku ba littafi, asara uku ce da kuɗin ruwa a kai. Sayi littafin makaranta, kullum a rubuta sawu, buhu, abin da aka karɓa da abin da aka kashe. Ka yanke wa yaron iyakar lodi a gaban mahaifinsa, don kada maganar ta zama ta gaba a gida, kuma ka biya shi a kan sawu. Cikin kowace naira 10 ka ware 2 a asusun gyara da ba mai taɓawa. In kaka ta wuce, ka aiko mini da abin da littafin ya nuna, sai mu yi maganar amalanke na biyu.